Wace sakandaren gwamnati ce ta fi a Kubwa?

Duk watan Agusta, da zarar WAEC ta saki sakamako, sai muhawara ta tashi a unguwarmu ta Kubwa da ke Abuja. A gidan suna a yi, a wajen mai markaɗe a yi, har a guruf ɗin WhatsApp na iyaye. Ni da nake koyar da lesin ɗin lissafi da yamma a barandar gidana, tambayar har gida take biyo ni: "Malama, don Allah wacce za mu kai yarinyar nan?" Yaran da ke zama a bencina daga makarantun gwamnati biyu suke zuwa, ɗaya a bakin babban titi, ɗaya can ciki inda kwalta ta ƙare. Ba zan kama suna ba.

Ma'aunin da kowa ya sani shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato daga A1 zuwa C6, don shi jami'a ke nema. Sai a ce makaranta kaza kashi kaza na yaranta sun samu, shi ke nan an yanke hukunci. To amma ku tuna 2025. Da farko WAEC ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu a faɗin ƙasa, iyaye suka yi ta salati, musamman da yake a 2024 kashi 72.12 aka samu. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an yi kuskure wajen makin wasu takardu, adadin ya koma 62.96. Yaran nan dai su ne, malamansu ma su ne. Tun daga lokacin na daina rantsuwa da lamba ɗaya.

Babban abin da ba a faɗa shi ne wa aka bari ya zauna jarrabawar. Makarantar bakin titi tana tankaɗe a ƙarshen SS2. Wanda bai taɓuka ba, ko dai ya maimaita aji, ko a kira uban a ba shi shawara ya nemi wani wuri ya yi masa rajista, kuma kowa ya san irin santocin jarrabawar da ake nufi, waɗanda ake zargi da satar amsa. A ce yara 300 suka shiga SS1, 180 suka kai ga zama, 150 suka ci. Za a buga allo a bakin get cewa sama da kashi 80 sun yi nasara, alhali rabin waɗanda suka shigo ne. Ta can ciki kuwa duk wanda ya kai SS3 ya biya kuɗin rajista zai zauna, har yarinyar da sai ta soya awara kafin ta ɗauki jaka. Wanda ya tsince tumatir ɗinsa tun a kasuwar Dei-Dei ai ba a gwada kwandonsa da na wanda ya kwaso duka.

Shi ya sa nake dariya idan aka kawo mini FGGC Bwari, kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, ko makarantar masu hazaƙa ta Gwagwalada a cikin lissafin. Waɗannan da jarrabawar shiga suke zaɓen ɗalibansu. Sakandaren jeka-ka-dawo kuwa wanda aka turo mata daga ƙaramar sakandare shi za ta karɓa. Kuma yajin aikin da malaman firamare na Abuja suka yi sama da wata uku a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sai bayan shekara shida zuwa sama za a ga tabonsa a sakamakon WAEC, a ɗora wa firinsifal ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ni littafin rubutu nake dubawa. Na yaran bakin titi cike yake tam, rubutu tsaf, an ja layi da rula. Amma ka buɗe shafi ashirin ba ka ga jan biro ba, don monita ke kwafe wa aji a allo. Na yaran can ciki siriri ne, gefensa duk ya naɗe, sai dai kusan kowane aiki akwai hannun malamin lissafi: ya zagaye inda yaro ya manta alamar ɗebewa, ya sa kwanan wata, ya ce a sake. Waɗannan yaran idan na ba su tambayar da ba su taɓa gani ba, sukan fara gwadawa. Na bakin titi jira suke in rubuta su kwafa.

Ba wai ta ciki ta gama komai ba. Zango guda cur suka yi ba malamin Fiziks sai da aka turo ɗan bautar ƙasa, kuma ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai. Ta bakin titi tana da kayan aiki, ana kuma taɓa su.

Da maƙwabciyata ta matsa, cewa na yi: "Hajiya, 'yarki lissafi ne ke ba ta wuya, kuma ba likita take son zama ba. Ki kai ta ta ciki, ga shi da ƙafa ma za ta je, kin huta da kuɗin keke. Ɗan autanki mai son kimiyya, idan lokacinsa ya yi, sai mu sake zama, don malamai ana yi musu canjin wurin aiki."