Layi Uku Na Canja Kafin Na Gane Ɓarawon Yana Cikin Gida

A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin takardun naira tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, shagonmu na kayan masarufi a Kasuwar Singa ya koma kamar ɗakin jira na banki. Mutumin da a da zai ɗauki katan goma na taliya da buhun sukari ya zaro kuɗi daga aljihun babbar riga, yanzu sai ya miƙo fuskar waya ya ce, "Na tura, duba." Mu duba, shiru. Ɗan dako na tsaye da kaya a baro, mai kaya na kallon agogo, ni kuma ina ta danna shafin banki yana juyawa kamar fanka.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya a kan kanta, ɗaya a ofishin sama, firinta ta fitar da rasit, sai 'yar ƙaramar na'urar intanet mai sim, irin wadda ke shiga aljihu. Mahaifina, wanda shi ne mai shagon, ya ce abu ƙarami irin wannan hannu ba ya barinsa, don haka aka kulle ta a durowar tebur ɗin ƙarfe a sama. Duk lokacin da abu ya tsaya, magana ɗaya ce a bakinmu: sabis ba kyau. Na zagi kamfanin farko na koma na biyu, na zagi na biyu na koma na uku. Kuɗin data kuwa ba ya kai ƙarshen wata.

Ɗan maƙwabcinmu ne ya warware mana, wani matashi da ke haɗa kwamfutoci a makarantu. Da ya hau sama bai tambayi wane layi muke amfani da shi ba. Cewa ya yi, "Yaya, ina na'urar take?" Na buɗe durowa. Ya kalle ni, ya kalli durowar, ya danne dariya saboda Alhaji na zaune. Ya ce ƙarfe makiyin waifai ne, ga kuma dakalin siminti tsakanin sama da ƙasa; abin da ke isa kanta ragowa ce kawai. Daga nan ya rubuta wasu lambobi da suka fara da 192.168 a burauza, shafin sarrafa na'urar ya buɗe, ya sa "admin" a wurin suna da wurin kalmar sirri, ya shige kamar gidansu. Na'urori goma sha huɗu ya tarar a manne. Namu huɗu ne. Sauran wayoyin yaran layinmu ne, da wani ya taɓa roƙon kalmar sirri "na minti biyu" ya raba wa abokansa. Da datarmu suke kallon ƙwallo.

A ranar na fara gane abin da ban taɓa rarrabewa ba: netwok na cikin shago daban, intanet daban. Na cikin shago shi ne yadda kwamfutar kanta ke magana da firinta da kwamfutar sama, kuma wannan namu ne, ko kamfanin sadarwa ya rufe gaba ɗaya ya kamata ya ci gaba da aiki. Intanet kuwa hanyar fita ce zuwa waje, ita muke biya. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga sauran na'urori, ita ce ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin biyun. Ni duk na haɗa su a kwano ɗaya na sa musu suna "sabis."

Muka sayi rauta ta gaske mai ramukan kebul a baya, aka kafa ta a bango kusa da taga, a sarari. Duk abin da ba ya motsi aka ja masa kebul: kwamfutoci biyu da firinta. Waifai aka bar wa wayoyi. Na so mu huta da wahalar jan igiya, amma ya nuna mini jerin sunayen waifai da wayata ke gani daga kan kanta, sun fi ashirin, kowane shago da nasa, yawancinsu a zangon 2.4, ɗaya daga cikin zangunan da waifai ke aiki a kansu, suke cunkushe suna hayaniya a kan juna. Zangon 5 ya fi sauri da sarari, sai dai ba ya jure bango. Kebul kuwa ba ruwansa da maƙwabta, matuƙar bai wuce mita 100 ba. Ya buɗe waifai na biyu na baƙi, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin mutum ya leƙa kwamfutocinmu, don kwastoman da ke son yin tiransfa datarsa ta ƙare. Kalmar sirrin wannan nake canjawa duk Asabar.

Kuskurena na gaba rowa ce ta jawo. Kebul ɗin da ya bi ta sito na ce a liƙa shi a bango kawai, ba sai an sayi fayif ba. Sito mai cike da garin masara da madara. Wata biyu ba a yi ba ɓeraye suka gwada haƙoransu, kwamfutar sama ta riƙa haɗuwa tana yankewa. Siraran wayoyi takwas ne a cikin kebul ɗin, sun cinye biyu sun bar shida. Na biya kuɗin kebul sau biyu, na kuma sayi fayif ɗin da na guda.

Firinta ce ta fi ba ni ciwon kai, kuma labarinta ne ya fi koya mini yadda abin yake tafiya. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba, alhali ga ta nan a gabana fitilarta kore shar. Ashe kowace na'ura a netwok tana da lambar adireshi, rauta ce ke rabawa duk wanda ya shigo, kuma ba dole ta ba ka lambar jiya ba. Firinta ta kwana a lamba ɗaya ta tashi a wata, kwamfuta kuma tana ta sallama a tsohon gida. Aka keɓe wa firinta lamba ta dindindin, maganar ta mutu. Ita kanta rautar muka haɗa ta da ƙaramin batir, tunda volt 12 take ci kuma wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba, don kada ta riƙa mutuwa kafin a tada janareta.

Akwai wani lissafi da ya kamata duk ɗan kasuwa ya sani kafin ya sa hannu a kowane tsari. Saurin da kamfanoni ke tallatawa da megabit ake auna shi, girman fayil kuma da megabait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Wato tsarin megabit 20 ba zai sauke maka fiye da megabait biyu da rabi a daƙiƙa ba, ko da komai na tafiya daidai. Sannan saurin saukewa daban, na turawa daban. Ban damu da na turawa ba sai da muka sa kyamarori huɗu, Alhaji ya ɗauki ɗabi'ar zama a gida bayan la'asar yana kallon shago ta waya. Duk lokacin da ya buɗe, hotuna ne ke fita daga shago zuwa waje, komai namu ya yi nauyi. Ba wanda zai iya ce wa Alhaji ya daina kallon shagonsa. Ingancin hoton da ke fita muka rage, bai ma lura ba.

Kafin matashin ya tafi ya rubuta mini gwaji uku a bayan kwalin sabulu, na manna a bango. A aika wa rauta "ping", wato ɗan saƙon gwaji daga kwamfuta don a ga ko za ta amsa: in ba ta amsa ba, matsalar a cikin shago take, a duba kebul da wuta. In ta amsa, a aika wa 8.8.8.8, adireshin Google: in shiru, hanyar waje ce ta yanke. In shi ma ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, to mai fassara suna zuwa lamba ne, wato DNS, ya sami matsala.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, farkon azumi, kasuwar sukari da madara na kan ganiyarta, komai ya sake tsayawa. Na je gaban kwalin. Rauta ta amsa nan take, firinta na fitar da rasit, kwamfutar sama na ganin ta ƙasa. Gwaji na biyu ne ya riƙa amsawa yana ɗaukewa. Na sa sim ɗin ajiya na wani kamfanin, kusan duk ɗaya. Zuwa rana labari ya bazu cewa manyan kebul na ƙarƙashin teku, waɗanda ke kawo intanet ta gaɓar Legas, sun lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama abin ya shafa, har da bankuna.

Alhaji ya leƙo daga sama ya ce, "Kai, ko a sayo wani layin?"

Na ce, "A'a Baba, wannan karon ba daga gidanmu ba ne."

Na ɗauko tsohon littafin bashi daga durowar ƙarfen nan, na fara rubuta sunayen kwastomomin da muka sani, ana loda musu kaya.