Hasken da Ya Fito da Aska Takwas

Talata, Kubwa, bayan sallar isha'i.

Yanzu na gama kwashe hotunan yau daga kati zuwa kwamfuta, na ajiye kwafi na biyu a wani wurin daban, sai yanzu hankalina ya kwanta. Kafaɗata ta dama tana zogi saboda jakar sandunan fitila, amma gara in rubuta abin da ya faru tun yana da ɗuminsa.

Aikin na wani kamfani ne a tsakiyar birnin Abuja, hawa na biyar. Mutum 23 ne, tun daga shugaban daraktoci har zuwa waɗanda aka ɗauka aiki bana, za a sa hotunan a rahoton shekara da shafinsu na intanet. Ƙarfe 6:30 muka bar Kubwa ni da yarona, duk da haka sai da cunkoson wajen Gwarinpa ya cinye mana kusan minti 40. Hazo ya rufe gari ruf, duwatsun da muka saba gani a gefen hanya ko alamarsu babu.

Ɗakin taro suka ba mu, mai dogon tebur da ba ya matsuwa, silin fari kuma ƙasa-ƙasa. Na fara da kashe fitilun silin, na sauke labule. Hasken filasha wajen 5500 yake a ma'aunin launin haske na Kelvin, kamar na tsakar rana, su kuwa ƙwayayen ɗakin rawaya-rawaya suke bayarwa. In ka bari suka cakuɗe, kunci ɗaya launinsa daban, ɗayan daban, ka kwana kana gyara a banza. Muka rataye ƙyalle mai ruwan toka a ƙarshen ɗaki. Babbar fitila na sa ta cikin akwatin tausasa haske mai kusurwa takwas, faɗinsa santimita 120, ta hagu, ta ɗan haura saitin ido kaɗan. Farin faifan mayar da haske ta dama. Ƙaramar fitila can baya, sama, don ta zana gefen kai da kafaɗa, ta raba mutum da ƙyallen. Idon kyamara mai milimita 85, ƙofarsa a f/5.6, ƙiftawa 1/200 na daƙiƙa, ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske, 100. Na liƙa salatif a ƙasa inda kowa zai tsaya, domin a irin wannan aikin hotunan jere za su yi a shafi ɗaya, dole hasken darakta ya zama irin na ƙaramin ma'aikaci, girman kai ɗaya, inuwa ɗaya.

Yarona ne ya tsaya mini gwaji, riƙe da katin toka a ƙarƙashin haɓarsa. Ya ce, "Oga, fitilar nan ba ta yi kusa da yawa ba? Kamar za ta taɓa ni." Na ce masa haka nake so. Duk yadda fitila ta matso, girmanta ƙaruwa yake a kan fuska, inuwa ta yi laushi. Na ce ya ja da baya taku biyu, na sake ɗauka, na nuna masa a allo yadda ya dushe. In ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai zai isa wurin, ba rabi ba. Shi ya sa ƙyallen da ke mita biyu a bayansa ya yi duhu da kansa ba tare da na taɓa komai ba. Na sha gaya masa wannan da baki, amma yau da ya gani a jikinsa na ga ya zauna masa.

Da aka fara shigowa, abin da na yi tsammani shi na tarar: hunturu ne, kowa ya sha basilin. Goshi yana ƙyalli, karan hanci yana ƙyalli, leɓe kuma a bushe. Na ajiye tishu da ƙaramin madubi a bakin ƙofa, kowa ya ɗan danna goshinsa kafin ya tsaya, ban yarda a goge ƙarƙaf ba. Nan ne masu hoto da yawa ke kuskure da fatarmu. Suna ganin tunda baƙa ce, sai a ƙara mata ƙarfin wuta. Ba ƙarfi take nema ba, faɗi take nema. Baƙar fata sheƙi ne ke fito da sifarta, siffar fitilar take mayar maka kamar madubi. In fitilar ƙarama ce, ɗigon fari za ka samu a tsakiyar goshi kamar an ɗiga fenti, sauran fuskar ta nutse. In babba ce kuma a kusa, sai sheƙin ya shimfiɗu a hankali daga goshi zuwa kunci zuwa haɓa, ka ga ƙashin fuska ya fito, ka ga mutum. Marigayi maigidana da na koyi aiki a wurinsa a Jos, da ƙwan fitila biyu da tsohuwar laima yake yin wannan. Yakan rataya farin zanin gado a gaban ƙwan, ya ce mini in duba goshi kafin in duba kyamara. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Wajen mutum na bakwai, wata matashiya daga sashen kuɗi ta leƙa allon kwamfuta, ta yi shiru, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, in za ka gyara, don Allah ka ɗan ƙara mini haske." Na gane hasken da take nufi. Kafin in amsa, shugabar sashen ma'aikata, wadda ita ta ba ni aikin, ta ce ai da ma tana so ta yi mini maganar, a ɗan haskaka kowa don rahoton ya yi kyau.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce, "Hajiya, ƙurji zan cire, fashewar leɓe zan gyara, jan ido na rashin barci zan rage, duk abin da mako biyu zai kawar da kansa zan kawar. Amma launin da Allah Ya ba mutum ba na taɓa shi." Na faɗaɗa hoton yarinyar har fuskarta ta cika allo, na nuna mata yadda haske ya kwanta a kuncinta, ga ɗan ƙyalli a ƙwayar idonta. Na ce in na ja launin nan sama, toka-toka za ki koma, kuma duk wanda ya san ki zai gane. Ba ta ce komai ba, sai dai ta daɗe tana kallo.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Shekara da shekaru ana ba mu hotunan da ko dai mun nutse cikin duhu sai haƙora da ido, ko kuma an wanke mu mun yi fari fat. Abin yana da tushe. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake raba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Sai a shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Wato ma'aunin kansa ba da mu aka yanka shi ba. Amma a daidai wancan zamanin, Seydou Keita yana Bamako, ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yawanci da hasken rana kawai yake aiki, ya rataya zane mai ado a baya, kuma har gobe in ka kalli fuskokin da ya ɗauka sai ka ji kamar za su yi maka magana. Hajiya dai ta ce in aiko da samfuri ranar Alhamis ta gani. A haka muka bar zancen.

Masu tabarau mutum shida ne. Biyar sun zo da sauƙi, ɗaga fitila kaɗan ya isa, tunda haske ta kusurwar da ya faɗa wa gilashi ta nan yake tashi, in ka ɗaga shi sai ya wuce ƙasan kyamara. Ta shida wata babbar darakta ce, baƙin hijabi, gilashi mai faɗi, ko ina na kai fitilar sai akwatin ya bayyana a ciki. Na roƙe ta ta ɗan ɗaga hannayen tabarau ɗin daga bayan kunne ta cikin hijabin, gilashin ya ɗan sunkuyo. Shi ke nan, idonta ya fito tar. Ƙaramar fitilar baya kuma ta zana gefen hijabin da siririn haske, bai haɗe da duhun ƙyallen ba.

Sha biyu da rabi aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ɗauki lokaci kafin ya tashi. Fitiluna Godox ne masu batir, don haka aiki bai tsaya ba, sai dai na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, gumi ya fara haɗuwa da basilin. Muka yi mutum uku a gurguje, muka tafi sallar azahar.

Shugaban daraktoci sai ƙarfe uku saura ya iso. Dattijo ne dogo, baƙi sosai, cikin babbar riga ta farar shadda, an yi mata aikin hannu fari a kan fari, aska takwas, da hula zanna mai duhu. Ina ganinsa na san yau akwai aiki. Kyamara ba ta iya ɗaukar tazarar da ido ke ɗauka. In na auna fuska, rigar ta ƙone ta zama farar takarda, aikin ya ɓace. In na auna riga, fuskar ta tafi. Gwaji na farko haka ya fito, kai a kan farin buhu.

Ga shi waya tana kunnensa, yana yi mini alama da hannu in yi sauri. Sai na tuna labarin Yousuf Karsh, wanda ya ɗauki Winston Churchill a Ottawa ta Kanada ranar 30 ga Disamba 1941. Churchill ya ƙi ajiye sigarinsa, Karsh ya matsa ya zare shi daga bakinsa, ya ɗauki hoton yana cikin ɓacin rai, hoton da yanzu yake jikin takardar fam biyar ta Ingila tun 2016. Wannan a can ne. A nan ba a yi wa dattijo haka, kuma ba fushi nake nema a fuskarsa ba. Na jira ya gama, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin rigar na hannu ne ko?" Sai ya dubi ƙirjinsa, ya shafa zaren da yatsa. Ya ce a Zariya aka yi, wani tsoho ne ya yi masa, wata huɗu yana kanta, kuma tsohon ya rasu bara. Na ce to ina neman alfarmar minti biyar, don kada aikin bawan Allahn nan ya ɓace a hoto. Ya miƙa wa mataimakinsa wayar, ya ce, "Bismillah, yaro, yi aikinka."

Na matsar da babbar fitila ta koma gefe sosai, na kuma juya bakinta ya ɗan wuce gabansa, gefen hasken ne kawai ke shafarsa. Hasken da ya zo ta gefe shi ke ba kowane zare 'yar inuwarsa, nan take askar ta tashi daga jikin shaddar. Amma ƙirjin har yanzu ya fi fuska haske. Na yago baƙin kwali daga jaka, na ce wa yarona ya riƙe shi tsakanin ƙasan fitilar da rigar, yana ɗagawa a hankali har na ce tsaya. Kwalin ya tare wa riga haske, fuska ta samu nata cikakke. Faifan dama ma na cire shi, domin rigar da kanta tana mayar da haske ƙarƙashin haɓa, ta fi kowane faifai. A kuncinsa na ɓangaren inuwa sai ga 'yar alwatikar nan ta haske a ƙasan ido, wadda masu hoto ke kira da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Na ce ya ɗan turo goshi gaba, ya sauke haɓa kaɗan. Na tambaye shi sunan unguwar tsohon. Yana cikin faɗa, idonsa ya yi laushi, bakinsa bai kai ga murmushi ba, na danna. Sau tara na ɗauka, na huɗun ne hoton.

Na kuma yi masa ɗaya da daidaitaccen hasken kowa, da kwalin dai, saboda shafin jeri. Sannan na nemi ƙarin minti biyu. Muka ɗaga labule, na tsayar da shi a gefen taga. Hazon da ya dame mu da safe ya mayar da sararin sama gaba ɗaya wani ƙaton akwatin haske, ga ƙubbar Masallacin Ƙasa can nesa dishi-dishi. Na auna waje tukuna, sannan na ƙara filasha kaɗan ta cika fuska yadda ba za a gane an kunna komai ba. Wannan nake so su sa a shafin jawabinsa, in sun yarda. Hoton kamfani ba dole ne kullum ya zama mutum ya harɗe hannu a gaban ƙyalle ba.

Da ya ga na huɗun a allo, sai ya ciro tabarau ya matso. Ba fuskarsa ya duba ba, ƙirjin ya duba. Ya ce in wanke masa guda babba, zai aika wa iyalan tsohon a Zariya.

Mun naɗe kaya ƙarfe huɗu da rabi, magariba ta same mu a hanya.

Da na zauna dubawa ɗazu na ga kwat ɗin mutum na 15 mai ƙananan layuka ya yi wannan rawar launin da kyamara ke yi wa irin yadin, zai ci mini lokaci gobe. Hoton matashiyar sashen kuɗi shi na fara gyarawa, tunda shi zan aika wa Hajiya samfuri. Na cire ƙurji biyu a haɓa, na tausasa leɓe, na bar launin yadda yake. Na Alhaji kuwa ban taɓa komai ba sai wani ɗan zare da ya sauko a gefen hula. Da safe zan biya Wuse in kai a wanke shi, inci 16 da 20, in kuma sayo baƙin kwali mai kauri, na yau ya lanƙwashe a hannun yaron.