Godiya bayan jinyar maiɗakina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, maiɗakina ta samu sauƙi, har ta koma koyarwa a makarantarsu. Tunda ba zan iya bin kowa gida-gida ba, ga godiyata a nan.

Da yawanku kun san jini ya ɓalle mata a haihuwar autanmu. Samarin unguwarmu ta Gangare da suka ba da jini cikin dare, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai bayan an sallame mu ne wata jinyar ta faro. Ruwan nono bai zo ba. Aka gama wankan jego, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala, ga jin sanyi ko da rana tsaka. Kowa ya ce ai sanyin Jos ne, wasu suka ce iska ce. An ma auna sinadarin TSH a wani ɗakin gwaji, aka ce lafiya lau.

Babbar godiyata tana wajen likitar da muka gani a asibitin koyarwa. Ba ta tsaya kan waccan takardar ba, sai ta tambayi yadda haihuwar ta kasance, ta sa aka auna wani sinadarin jinin mai suna T4, aka same shi ƙasa sosai. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa, abin da ba kowane likita ke da haƙurinsa ba. Ta ce abin kamar sarki ne da hakimi da dagaci. Wani sashe na ƙwaƙwalwa, haifotalamus, shi ke sakin wani sinadari mai suna TRH. Wannan ya sauka zuwa fituwitari, ɗan ƙullutun da ke ƙasan ƙwaƙwalwa wanda nauyinsa bai kai giram 1 ba, ya sa shi sakin TSH. Shi kuma TSH ya bi jini zuwa tayiroyid da ke gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, ya sa shi samar da T4 da T3 masu tafiyar da ɗumin jiki da kuzari. In sun wadata a jini, na sama su rage aike. In tayiroyid ne ya gaza, TSH hawa yake yi. To nata bai hau ba alhali T4 ya faɗi, ke nan matsalar a sama take.

Fituwitari yana ƙara girma lokacin goyon ciki, don haka zubar jini mai yawa na iya hana shi samun isasshen jini, wani ɓangarensa ya mutu. Cutar Sheehan ake kiranta, da sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1937. Fituwitarin ne kuma ke sakin sinadarin da ke kawo nono da masu tafiyar da al'ada, sai duk alamomin suka haɗu wuri guda. Likitar ta fara ba ta maganin hydrocortisone, mai maye gurbin wani sinadarin da fituwitari ke sa jiki ya samar, kafin levothyroxine mai maye gurbin T4, ta ce in aka juya tsarin akwai haɗari. Allah ya ƙara mata basira.

Hajiya surukata, wadda ta bar gidanta ta zo ta riƙe jariri da madarar gwangwani ba dare ba rana, ba ni da bakin gode miki. Yaya Babba, kuɗin gwaji da na hoton ƙwaƙwalwa da ka ɗauka ba tare da na roƙa ba, Allah ya mayar maka da ninkinsu. Abokan sana'ata na kasuwar Taminus da limamin masallacinmu, na gode da addu'o'i.

Masu tambayar dubiya, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Roƙona ɗaya, don Allah kada a ce mata ta bar magani tunda ta warware. Na har abada ne, kullum da asuba kafin ta karya, kuma Hajiya ta riga ta ce duk wanda ya zo da ƙullin saiwa zai koma da abinsa.