Fici: abin da nake dubawa kafin in sari katan guda

Shagona na kayan marmari ne a Kano, kuma yawancin abin da ke cikinsa daga waje yake zuwa: tuffa, inabi, lemon Masar da makamantansu. A kasuwar 'Yan Lemo na koyi sana'a a hannun ƙanen mahaifina, daga ɗaukar kwandon lemo da abarba har na san ciniki. Yanzu ina da ƙaramin ɗakin sanyi, da yara biyu da ke taya ni, da abokan ciniki daga gidaje da otal-otal da masu yin kek. Duk cikin kayan da nake taɓawa babu mai sa ɗan kasuwa kwana da ido ɗaya kamar fici, wanda alhazai ke gani a shagunan Makka da Madina ana ce masa khaukh. Zagayayye ne, ja da rawaya, fatarsa na da ɗan gashi mai laushi, da ƙwallo ɗaya mai kaushi a tsakiya. Tuffa za ta yi watanni a ɗakin sanyi ba ta ce uffan ba. Fici sati biyu zuwa huɗu ne, shi ma sai an bi masa ƙa'ida.

Mutane kan shigo su ce a ba su fici kawai, a zatonsu abu ɗaya ne. Nakan tambaye su ko suna zuwa wajen mai mangwaro su ce a ba su mangwaro, ba tare da sun duba mai zare ne ko ɗan aure ba. To haka shi ma yake, har ya fi. Kuma ribata da asarata duk suna cikin wannan bambanci.

Farkon abin da nake so in sani shi ne yadda tsokar take da ƙwallon. Akwai irin da in ka zagaya shi da wuƙa ka murɗa, sai ya rabe biyu tsaf, ƙwallon ya fito ba tsoka a jikinsa. Akwai kuma wanda tsokar ke manne da ƙwallon gam, sai dai ka yanyanka shi gefe-gefe. Galibi mai sakin ƙwallo tsokarsa na narkewa a baki in ya nuna, ruwa har gwiwar hannu. Shi mutanen gida ke so. Amma shi ne ba ya jure hanya: yatsa ɗaya ya matsa shi yau, gobe wurin ya yi baƙi. Cikin masu manne ƙwallo kuwa akwai waɗanda tsokarsu ke da ƙarfi, ko sun nuna ba sa yin lagwab, kuma su ake zubawa a gwangwani da ruwan sukari. Duk wanda ya taɓa buɗe gwangwanin fici ya ga ɓari-ɓarin nan rawaya masu santsi, to irin wannan ya ci.

Afirka ta Kudu ta yi suna a wannan fanni. Suna da wani iri da ake kira Kakamas, sunan wani gari ne a bakin kogin Orange inda aka samo bishiyar, kuma a kansa masana'antar gwangwaninsu ta kafu. Akwai 'yan uwansa irin su Keisie da Oom Sarel, duk rawaya, duk masu manne ƙwallo. In na ga ɗaya daga cikin sunayen nan a jikin katan, hankalina kan kwanta ta fuskar hanya, don na san zai iso da mutuncinsa. Sai dai na san wa zan kira. Masu kek da masu dafa jam nake bugo wa waya, saboda in an gasa shi ko an dafa yana riƙe jikinsa. Wanda yake so ya ciza ruwa ya cika masa baki, in na ba shi wannan zai ce ɗanye na sayar masa, alhali nunanne ne, halittarsa ce haka.

Sai launin tsoka. Mai rawayar tsoka yana da zaƙi da ɗan tsami tare, kuma tsamin na raguwa yayin da yake nuna. Mai farar tsoka yawanci tsaminsa kaɗan ne tun farko, shi ya sa ko bai gama laushi ba za ka ji shi da zaƙi, ga ƙamshi irin na fure. 'Yan Sin da ke zaune a garin nan farin suke tambaya, kuma ba abin mamaki ba ne: asalin bishiyar daga ƙasarsu take, har gobe su ke noma fiye da rabin ficin duniya. Mutanenmu ma na lura farin ya fi shiga ransu, don bakinmu bai cika son tsami a 'ya'yan itace ba. Ni kuwa a nawa bakin, rawayan da ya nuna a kan lokaci babu kamarsa. Wannan ɗan tsamin shi ke sa zaƙin ba ya gundura. Farin yana da wata matsala ga mai shago: fatarsa da tsokarsa na nuna ko wane ɗan rauni, shi ya sa ba na barin kowa ya juya shi sai ni.

Akwai wani shafaffe, kamar an danne shi daga sama, wanda Sifaniyawa ke kira faraguwayo. Ƙarami ne, yawanci farar tsoka, ƙwallonsa ɗan mitsitsi, zaƙi sosai. Yara na son sa don yana shiga hannunsu. Wurin da nake dubawa a jikinsa shi ne ɗan ramin da ke ƙasansa, nan yake fara tsagewa, nan kuma ruɓa ke shiga. Nektarin kuma, wanda wasu ke ɗauka auren fici da wani ɗan itace ne, fici ne cikakke, fatarsa ce kawai ba gashi. Duk rabe-raben da na ambata akwai su a cikinsa shi ma.

Maganar girma ita ta fi ruɗin masu saye. A kayan Turai ana rubuta harafi a jikin katan bisa faɗin ƙwaya: B daga milimita 61 zuwa 67, A daga 67 zuwa 73, AA daga 73 zuwa 80, AAA daga 80 zuwa 90. Wasu kuma lamba suke sawa ta yawan ƙwayoyin da ke cikin katan, ƙaramar lamba manyan ƙwayoyi ke nan. Girman yana zuwa ta hanya biyu. Ɗaya iri ne: masu nuna da wuri, a farkon kaka, ƙanana ne don ba su daɗe a bishiya ba, masu nuna a ƙarshe sun fi girma kuma yawanci sun fi zaƙi. Ɗayar kuma hannun manomi ce, domin bishiyar kan ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta, sai an bi an rage su tun suna ƙanana kafin sauran su yi ƙiba. A garin Calanda da ke Sifen har jakar takarda ake sa wa kowace ƙwaya tana kan reshe, a tsinke ta a watan Satumba da Oktoba, kuma ba a ba ta sunan garin sai faɗinta ya kai milimita 73. Amma girma kaɗai bai taɓa zama shaidar daɗi ba. Gonar da aka cika wa ruwa dab da tsinka za ta ba ka manyan ƙwayoyi masu salam. Otal na son AA saboda kyan faranti, ina kawo musu. Mai gida da iyali nakan ba shi shawarar A, kuɗinsa ya fi sauƙi, ƙwayoyi sun fi yawa, daɗin kuma bai ragu ba.

Da yake ba a noma shi a nan, shekarata tana bin kakar wasu ne. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris na Afirka ta Kudu ne, daga yankin Kef ta Yamma, wuraren Ceres da Robertson. Afrilu da Mayu na Masar. Daga Yuni zuwa Satumba na Sifen. Ana yawan tambayata me ya hana a dasa shi a Kano, tunda muna da ruwa da ƙasa. Dalilin sanyi ne. Bishiyar sai ta zubar da ganye ta yi barci, kuma yawancin ire-irenta na bukatar awa 600 zuwa 1,000 a ƙasa da digiri 7 kafin su yi fure yadda ya kamata. Hunturunmu, duk da rawar ɗarin da yake sa mu, bai kai nan ba. Masar ta samu shiga ne da ire-iren da aka ƙirƙira don ƙasashe masu ɗumi, musamman Flordaprince, wanda Jami'ar Florida a Amurka ta fitar a 1982, shi awa 150 ta ishe shi. Shi ne ke fara isowa a Afrilu: ƙarami, ja sosai, rawayar tsoka, da tsami-tsami. Yana da halin masu nuna da wuri, wani lokaci ka tarar ƙwallon ya tsage a ciki. In na ga ƙwaya ta buɗe ta wajen hanci ko ta yi faɗi fiye da 'yan uwanta, gefe nake sa ta, don irin wannan ba ta kwana biyu.

Wata Hajiya da ke saye a wajena ta taɓa tsayawa a kan katan tana zaɓen waɗanda suka fi ja. Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, bar kallon jan. Juya shi ki dubi wajen hancin." Ta juya, wurin kore-kore ne. Na ɗauko wani wanda jansa bai kai rabin na farko ba, amma ƙasan fatarsa rawaya ce fes, na ce ta sunsuna. Ta ce, "Ikon Allah! Malam, ai wannan tun daga nan yana ƙamshi." Jan fata aikin rana ne da kuma iri, akwai ire-iren da suke yin ja tun suna ɗanye sharaf. Launin da ke ƙarƙashin jan shi ne mai gaskiya: rawaya ga mai rawayar tsoka, fari-fari ga mai fara. In kore ne, an tsinke shi da wuri. Zai yi laushi a gida, amma zaƙinsa ba zai ƙaru ba, domin sukarin fici a bishiya yake taruwa, ranar da aka cire shi an rufe lissafi. Saboda haka nake riƙe da ɗan ma'aunin zaƙi a aljihu: ka ɗiga ruwan a kan gilashinsa, ka ɗaga wajen haske, ka karanta lamba. In bai kai 10 ba, ba na sara, ko da dila zai rage mini kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan shi ne sanyin tsaka-tsaki. Fici ɗanye yana son digiri 0. In aka ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8 na tsawon kwanaki, ya lalace ta ciki, kuma babu alamar da za ka gani a waje. Na taɓa karɓar kaya daga wani dila a Legas wanda ya haɗa fici da lemo a ɗaki ɗaya, ya saita sanyin daidai da bukatar lemon. Katan-katan suka iso kamar a yi musu hoto. Da suka yi laushi na yanka ɗaya, wuƙar ta fito a bushe, tsokar ta zama gari-gari, ta yi ruwan ƙasa a zagayen ƙwallo, ba ruwa ba ƙamshi. Na yanka na biyu da na uku, duk haka. Ban sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya fara cin fici da irin wannan ba zai sake marmarinsa ba, kuma ba dilan zai zarga ba, ni zai zarga. Tun kafin in tura kuɗi yanzu sai na ji sunan irin, da ranar da aka zuba shi a katan, da digirin ɗakin da ya kwana. Dilan da ya ce mini "fici ne dai, Alhaji, mai kyau" ba mu gama magana ba tukuna.

Firjin gida kuwa a daidai wannan tsaka-tsakin yake, wajen digiri 4. Don haka nake roƙon masu saye kada su jefa ɗanyen fici a firji. A bar shi a kan faranti a inuwa, hanci ƙasa, ba a ɗora wani kan wani ba. Da zafin Kano kwana ɗaya ko biyu ya isa. In ka matsa kafaɗarsa a hankali ka ji ta ba da kai, ya yi. Daga nan zai iya kwana ɗaya ko biyu a firji. Sannan ina jan kunnen iyaye a kan ƙwallon: yaranmu sun saba fasa ƙwallo su ci abin ciki, na fici kuwa yana da ɗaci kuma yana ɗauke da sinadarin da ke komawa guba a ciki. A zubar da shi.

Ɗakin sanyina shi ke cinye rabin ribar. Ba na iya dogara da wutar gari, sai sola da rana, janareta da dare, kuma kullum da asuba abin da nake fara dubawa ma'aunin sanyin ne. Shi ya sa ba na sarin fici da yawa, kuma galibi sai na san masu ɗaukar rabinsa kafin ya taso. A gaban shago abin da zai ƙare a yini kawai nake fitarwa. Yarana sun san doka: ana ɗaukar fici da tafin hannu, ba da kan yatsu ba, kuma ba a zuba shi a leda tare da tuffa. Da la'asar muke bin katan-katan ƙwaya-ƙwaya. Waɗanda suka yi laushi sosai, in masu narkewa ne, akwai wata baiwar Allah mai haɗa yogot da lemon kwalba da ke aiko yaronta ya kwashe a rabin kuɗi kafin magariba. In masu ƙarfin tsoka ne, suna iya jiran mai kek zuwa safiya.