Asabar a Nafada, kan rajistar fitattun 'yan gari

Yau aikin rajista ya kai ga Nafada. Motar Gombe ta bi ta Bajoga, aka sauka da hantsi. Samarin ƙungiyar ci gaban gari sun riga sun jero sunaye a takarda, suna bayan suna, ba tare da bayanin abin da ya haɗa kowane mutum da garin ba. Irin wannan jeri ba ya ɗaukar shekara biyu sai gardama ta kashe shi, domin da zarar wani ya ce "ai wane ba a nan aka haife shi ba", sauran sunayen ma sai a fara shakkarsu.

Don haka aka fara da ja wa littafin layi. Kowane mutum shafi guda, shafin kuma gida huɗu: inda aka haife shi, asalin mahaifinsa da mahaifiyarsa, inda ya yi karatu ko aiki ko sarauta, da inda aka binne shi idan ya rasu. Gida ɗaya ya isa a shigar da mutum, amma dole a rubuta wanne ne. A ƙasan shafi a sa wanda ya ba da bayanin da ranar da ya bayar. Ba a cike gida sai da shaida biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba ne, saboda wa da ƙane labari ɗaya suka ji daga baki ɗaya.

Shafin farko na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ne, Allah ya ƙara masa yarda. Duniya ta san shi da Bauchi, masu sauraron tafsirin azumi sun san shi da Kaduna, amma a Nafada aka haife shi a 1927, daidai da 1346 ta Hijira. A kan shafin nan aka daɗe, domin wani daga cikin samarin ya ga lissafin shekarunsa iri biyu a intanet yana neman a zaɓi ɗaya. Babu na zaɓe, duka biyun suna iya zama daidai. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, wato kusan shekara uku a cikin ɗari. Wanda aka haifa a 1346 ya cika ɗari a 1446, wadda ta kama a watan Yulin 2024, lokacin da yake da 97 a lissafin Bature. Abin da ake yi shi ne a rubuta shekarun biyu gefe da gefe, kowace da alamarta, kada a haɗa haihuwa ta wannan lissafi da rasuwa ta wancan. Wannan kuskuren ne ya cika kalandun da ake bugawa.

Akwai wani tarkon kuma. Lokacin da aka haifi Shehu babu jihar Gombe, babu ta Bauchi. Nafada na cikin lardin Bauchi, daga baya jihar Arewa maso Gabas a 1967, jihar Bauchi a 1976, sannan Gombe a 1996. Duk tsohuwar takardar da ta ce mutum ɗan Bauchi ne, sai an duba shekararta kafin a yanke cewa birnin Yakubu ake nufi. Haka ƙananan garuruwa ke rasa 'ya'yansu, ba don wani ya ƙwace su ba. Makarantun zamanin Turawa ma sun ƙara nasu, da suka riƙa liƙa wa yaro sunan garin da ya fito ko gundumar da ta aiko shi. Wani lokaci ya dace da mahaifa, wani lokaci wurin aikin uba ne kawai. Sir Abubakar ya ɗauki sunan Tafawa Ɓalewa ya kai shi har kujerar Firayim Minista a 1957, kabarinsa kuwa yana cikin garin Bauchi, ga gari biyu kowanne da gidansa a shafi ɗaya.

Bayan haka aka shiga wurin wani dattijo a zaurensa. Ƙa'idar zama da tsoho ita ce a je da safe kafin rana ta yi zafi, a nemi izini kafin a kunna rikoda a waya, kada zama ya wuce rabin awa, kuma mutum ɗaya ya yi tambaya. Kada a ce masa "a wace shekara", domin zai ba da lamba don kada ya kunyata baƙo. Tambayar da aka yi masa kan wani malamin garin ita ce, "Baffa, lokacin da malamin nan ya bar gari, an canja kuɗi ko da saura?" Ya ce, "Da sauran fam da sule, ɗana, amma motoci sun koma hannun dama." Shi ke nan an samu. Komawa hannun dama Afrilun 1972 ne, naira kuwa ta shigo Janairun 1973, tsakaninsu wata tara. Sauran alamomin da ke aiki a wannan yanki su ne husufin rana na 1947, samun 'yancin kai a 1960, kisan su Sardauna a Janairun 1966, da shigar yara makarantar UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976. Zamanin sarki ko hakimi ma yana taimakawa, sai dai yana da faɗi, wani ya yi shekara talatin a kan gado.

Takardun da aka kawo kashi uku ne. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ita ce mafi rauni, domin an yi ta ne don neman aiki ko makaranta, shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu a jikinta. Rajistar shiga firamare ta fi ta, ko da yake shekarun yaro a ciki ƙiyasin hedimasta ne. Wadda na fi yarda da ita ita ce rubutun ajami da malamai ke yi a bangon littafi ko ƙarshen Alƙur'ani ranar da aka yi musu haihuwa, da sunan rana da kwanan wata. Yau an ga guda a cikin gafaka, gara ta ci gefensa. An ɗauki hotonsa a inuwa, a shimfiɗe kan farin ƙyalle, ba tare da hasken waya ba don tawadar tana ƙyalli, aka mayar wa masu shi nan take. Ba a fita da takardar mutane daga gidansu, ko da sun ce a tafi da ita.

Da azahar gardama ta koma kan sarakuna. Fadar Gombe ta baro Gombe Abba ta zauna a Nafada a 1913, zamanin Sarki Umaru, kafin a mayar da ita Doma a 1919, inda birnin Gombe yake yanzu. Shekara shida kenan garin nan na bakin kogin Gongola yana riƙe da masarauta. Sarki Umaru ya shiga rajista a gida na uku, gidan zama da sarauta, kuma a ganina wannan ya fi a yi shiru a kansa ko a ce ɗan gari ne. Wasu sun so a ƙara Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yi shahada a yaƙin Bormi a Yulin 1903, tare da Malam Jibrilla Gaini da ya yi zamani a can har Turawa suka kama shi a 1902. Ban goyi baya ba. Bormi tana ƙasar Funakaye, kusa da Bajoga, tana da haƙƙin nata littafin, kuma Attahiru zai shiga can a gidan makwanci.

Abin da ya fi damuna shi ne jerin farko kusan duka 'yan siyasa ne da manyan ma'aikata. Babu mahaddatan da suka yaye almajirai, babu sarkin ruwa, babu mace ko ɗaya. Wata goggo da aka gaisar ta bayan labule ta lissafo malamai mata da suka karantar da matan aure a cikin gida, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. An buɗe musu shafuka da fensir. Ranar Talata 'yan mata biyu daga cikin ƙungiyar za su shiga gidajen su nemo shaida ta biyu, tunda samari ba su wuce zaure, sannan a bi rubutun da biro.