Talata, ranar tausar muƙamuƙi

Sanyi ne ya tashe ni kafin kiran assalatu, muƙamuƙina na dama a ɗaure tamau, kamar yadda yake yi mini duk hunturu. Na gwada abin da aka koya mini, na jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Biyu suka shiga, na ukun ya ƙi. Lafiyayyen baki yakan buɗe santimita 4 zuwa 5, wajen faɗin yatsu ukun ke nan. Sai da na gasa wurin da tawul mai ɗumi na minti 15 kafin in iya shan kunu.

Da hantsi na shiga adaidaita daga unguwar Zariya zuwa wajen Madam kine, mai aikin tausa da motsa gaɓoɓi. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a gindin kunne.

Na daɗe ina ɗiga maganin kunne kafin likita ya leƙa ya ce kunnen ƙalau yake, gaɓar da ke gabansa ce ke ciwo. Can ƙashin muƙamuƙi yake haɗuwa da ƙoƙon kai, da ɗan faifan guringuntsi a tsakaninsu. In faifan ya goce daga mazauninsa, shi ne ƙas ɗin da nake ji lokacin hamma. Jijiya guda ce ke ɗauke da jin fuska da haƙora da wannan gaɓa, shi ya sa ciwon yake yawo, yau a kunne, gobe a matauni, jibi rabin kai.

Madam ta kwantar da ni rigingine. Ta fara da naman gefen kai, sama da kunne, tana murzawa a hankali, sannan ta gangaro kumatu. Da ta sa safar hannu ta zura babban yatsa cikin bakina, ta kamo tsokar tauna ta ciki da waje, hawaye suka zubo mini ba shiri. Akwai wani ƙulli can kusa da kusurwar muƙamuƙi, tana danna shi na ji zafin ya harba har cikin haƙorin da na so a cire mini bara. Ta riƙe wurin, ta ce in yi ta numfashi. Can sai na ji yana saki, kamar ƙullin zare in an samo bakinsa. Daga nan ta koma wuya da kafaɗu, ta ce mai wuni a sunkuye kan keken ɗinki ba a yi masa maganin muƙamuƙi a bar wuyansa.

"Hajiya, har yanzu da haƙori kike tsinka zare?"

Na ce sai in almakashi ya yi nisa. Ta ce in rataye ƙarami a wuya. Allurar da nake riƙewa a baki da wayar da nake maƙalewa tsakanin kunne da kafaɗa in ina awo, duk ta ce su tafi.

Na nuna mata bidiyon da Yaya ya turo mini ta WhatsApp daga Yamai: wani mai kiropiraktik, wato gyaran gaɓoɓi da ƙashin baya da hannu, ya murɗe wuyan mace, aka ji ƙarar ɓalli, ta tashi tana dariya. Yaya so yake a kai ni Kano a nemo mai irin wannan aiki, a gama da ciwon rana ɗaya. Madam ta kalla har ƙarshe. Ta ce sana'a ce tsohuwa, wani D. D. Palmer ya kafa ta a Amurka a 1895, kuma cikin masu yinta akwai waɗanda ke tausa da motsa gaɓa sannu-sannu, irin wanda take yi mini, wannan ba ta ƙi shi ba. Amma ƙarar nan iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba. Fizgar wuya kuwa, ko da ba kasafai ba, tana iya raunata jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa. Ni dai zuciyata ta tsaya a nan. Na san ƙauna ce ta sa Yaya, yana jin yadda nake magana baki a rufe in mun yi waya, amma wuyana ba zan miƙa a fizga ba.

Kafin in sauko daga gadon na sake gwadawa, yatsa na uku ya shiga, ko da yake da ƙyar.

A shago aiki ya yi mini yawa, ɗinkin biki uku na jiran Juma'a. Na kama kaina sau da dama haƙora a dantse ina bin layin ɗinki. Leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a ganɗa, haka aka ce baki yake hutawa, kuma wallahi wannan ya fi tausar wuya, don ba mai tuna maka. Wata yarinya ta shigo da tiren aya sabon haƙa, na saya wa ƴan koyon ɗinki, ni na kalla. A Maradi a ce an hana mutum aya da rake da kilishi, ai an taɓa shi. Goro ma Inna ta daina miƙo mini.

Da dare na ci tuwo da miyar kuka mai ruwa-ruwa, na shafa man kaɗe na murza kumatu da kaina. Maigida ya ce jiya ma ya ji ina niƙa haƙora cikin barci. Madam ta ce muddin ana wannan niƙa, abin da ta warware da rana dare zai sake ɗaure shi, don haka gobe in Allah ya kai mu zan je wajen likitan haƙori in ji kuɗin robar da ake auna wa mutum ya kwana da ita a baki. Yaya kuma sai na kira shi da kaina, don saƙon murya ba zai gamsar da shi ba.