Masaukin Girl Guides na Landan, daga Our Ark zuwa Pax Lodge

Ranar 22 ga Fabrairu, wadda ita ce ranar haihuwar Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, da matarsa Olave, 'yan ƙungiyar Girl Guides, wato sikawut na 'yan mata, a ko'ina cikin duniya kan jefa ɗan abin da suka samu a asusu. Yawancin ɗalibaina a nan Kaduna suna yin haka ba tare da sanin cewa irin wannan karo-karon ne ya samar wa ƙungiyar masaukinta na Landan ba.

An buɗe gidan a 1939 a titin Palace Street da ke Westminster, aka raɗa masa suna Our Ark, kuma da kwabon da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban suka tara aka kafa shi. Cikin 'yan watanni Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai gidan da aka tanada domin baƙi masu ziyara ya koma mafakar 'yan ƙungiyar da yaƙi ya raba da ƙasashensu. A ganina, wannan ne lokacin da gidan ya fi cancantar yabo.

Da wuri ya yi kaɗan, aka koma Earl's Court a 1959, sannan a 1963 aka sauya masa suna zuwa Olave House. A 1991 kuma Gimbiya Benedikte ta Denmark ta buɗe Pax Lodge a unguwar Hampstead, inda masaukin yake har yau.

Abin da ke damuna shi ne, ko da yake ƙungiyar ta shigo Nijeriya tun 1919, yarinyar da ke karatu a Tudun Wada ko Kawo ba ta da hanyar kwana a gidan da ake ce mata nata ne. Kafin iyayenta su biya kuɗin fasfo da biza da tikitin jirgi, ga kuma yadda fam ya yi wa naira nisa, maganar ta mutu tun a tsakar gida. Sauran cibiyoyin ƙungiyar na duniya ma, na Suwizalan da Meziko da Indiya, duk nesa suke. Shi ya sa nake sa ido a kan Kusafiri, cibiya ta biyar da aka keɓe wa Afirka, wadda ta fara da zagaya ƙasashe irin su Gana da Ruwanda da Kenya, domin zuwa Gana dai ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza.